Likitan da Ya Gano Illar Alkama ga Wasu Yara



Mu da muka zauna birni, cimarmu ta sauya. A Giginyu da wuya yaro ya wuni bai ci burodi ko taliya ba. Gurasa kuwa da ma tamu ce. Alkama ba dafi ba ce, amma akwai waɗanda hanjinsu ba ya jure wani sinadarinta mai suna gulutin. Likitoci na kiran cutar siliyak.

Wanda ya gano tushenta likitan yara ne a ƙasar Holan, Willem Dicke. Ya daɗe yana zargin alkama. Da yunwa ta auka wa ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke fama da zawo da rama suka farfaɗo. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Bai yi garaje ba. Ya auna, ya sake aunawa, sai a 1950 ya gabatar da bincikensa a Jami'ar Utrecht.

Kada mu ce ciwon Bature ne. A 1999 an same shi a jikin kusan yaro 1 cikin 18 na al'ummar Sahrawi, a arewacin Afirka.

Yaron da cikinsa ke kumbura, ga zawo, ba ya girma, mu kai shi asibiti. Mu daina cewa haƙori ne. Kada a hana shi alkama kafin gwajin jini, don hakan na ɓoye cutar. In ta tabbata, gero da dawa da shinkafa da acca duk babu gulutin a cikinsu.