Jawabi Ga Masu Mota Da Masu Gyara: Kada A Maida Tsohon Juwan



Mota guda ita ke kai ƙauye kasuwa. Ita ke ɗaukar maras lafiya zuwa likita. In ta lalace, gari duka ya ji a jika. Don haka jawabin yau bisa wani ƙaramin abu ne da ke cikin inji.

Injin mota yana shaƙar iska kamar mutum. Akwai wani bututu mai rassa da ke raba ma kowane silinda iska. A tsohuwar mota mai karbireta, iskar tana tahowa gauraye da isansi. Tsakanin bututun da kan inji akwai ƴar shimfiɗa wadda ke toshe kafa. Masu gyara suna ce mata juwan.

In juwan ya huje, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, ba ta bi ta matata ba. Ƙurar hunturu da rairayi su shiga, su cinye inji. Inji shi riƙa rawa, shi mutu in an tsaya. A wasu motoci ruwan sanyaya inji yana bi ta wurin. Nan kuwa ruwa yana iya shiga cikin mai, mai shi koma kamar madara.

In za a canza bututun, ga abin da mai gyara zai kiyaye:

1. Shi bari inji shi huce. Shi cire wayar batir mai alamar ragi. Ba taba, ba wuta kusa.
2. In ruwa yana bi ta wurin, shi tsiyaye shi tukuna.
3. Shi sa ma kowace waya da tiyo alama, don kada su rikice.
4. Da cire bututu, shi toshe ramuka da tsumma mai tsabta. Noti guda in ya faɗa ciki, ya isa kashe inji.
5. Shi kankare tsohon juwan a hankali. Alminiyam yana da taushi, wuƙa tana yi mishi rauni.
6. Shi sa sabon juwan na irin motar. Kwali ko robar taya ba su jure zafi da isansi.
7. Shi fidda tsummokin, shi ƙirga su.
8. Shi ɗaura notuna da hannu tukuna. Sa'annan da lakile, daga tsakiya zuwa gefe, sau 2 ko 3. Ƙarfi in ya yi yawa, bututu yana tsagewa, balle na roba da ke cikin motocin yanzu.
9. Shi tada inji, shi saurara. In an ji fito kamar na iska, akwai sauran kafa.

Tsohon juwan ya riga ya danne, ba ya sake tasowa. Kuɗin sabo kaɗan ne, kuɗin gyaran inji kuwa yana iya cinye amfanin gonar shekara. Mai mota shi ce a nuna mishi sabon juwan kafin a ɗaura. Wanda ya iya karatu shi duba sunan motar bisa takardarsa.

Allah shi kiyaye hanya, amin.