Malamin Rabin Aji Shi Ne Mai Tsaron Ƙofa

Wannan shi ne jawabin da wani tsohon malamin makaranta ya yi a Mubi, Jihar Adamawa, a gaban iyaye da malamai da 'yan asalin ƙasar waɗanda suka zo ganin gida daga Kudu. Mun buga shi domin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca waɗanda ba su sami halarta ba.



Zan fara da ba ku labarin wani laifi nawa, don kada a ce tsoho ya zo yana wanke kansa. A farkon aikina an ba ni aji ɗaya a wata makarantar ƙauye. Akwai wani yaro da ke zaune a baya, in na kira sunansa ba ya amsawa, in na ce a tashi sai ya ga 'yan'uwansa sun tashi sa'an nan ya miƙe. Na ɗauka taurin kai ne, na yi ta sa masa bulala. Kafin shekara ta ƙare ya daina zuwa. Sai daga baya mahaifiyarsa ta gaya mini cewa tun da ya yi wani zazzaɓi mai zafi yana ɗan shekara 3 kunnensa ya toshe. An koya mini tsara darasi da riƙe rajista, amma ba wanda ya taɓa ce mini in tsaya bayan yaro in kira shi a hankali in ga ko zai waiwayo. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba, rashin saninsa ya raba yaron nan da karatu har abada.

Ku da kuke zaune a Kudu kun fi mu sanin ƙarshen irin wannan labari. Duk wanda ya bi ta Titin Kano a Ebute Metta, ko ya shiga Sabo a Badun, ya ga makafi da guragu da kurame suna bara da harshenmu, sau da yawa da ƙaramin yaro yana yi musu jagora, shi ma ba ya zuwa makaranta. Kunyar abin a kanku take fara sauka, domin ku ake nuna wa yatsa. To, ina so ku sani yawancin mutanen nan ba a bakin titin Ikko aka rasa su ba. Tun a gida aka rasa su, kafin su cika shekara 6, ranar da aka kai tsararsu rabin aji aka bar su a zaure, ko kuwa ranar da aka kai su malami ya kasa gane abin da ke damunsu.

Ba a rasa dokoki a kan wannan al'amari ba. A 1976 aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta keɓe babi ga karatun yara kafin firamare, da wani babi ga karatun naƙasassu. A wannan shekara kuma aka kafa kwalejin horon malaman naƙasassu a garin Oyo. A 1994 ƙasashen duniya suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ta kamata ta karɓi kowane yaro, ko mene ne halinsa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin aikin Gwamnati. Har ila yau a watan Janairu na 1919 da ɗari, watau 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ce makarantun Gwamnati su buɗe ƙofa gare su, kowace makaranta kuma ta sami aƙalla ma'aikaci guda mai horo don kula da karatunsu. Takarda ta yi nata. Amma fa takarda ba ta shiga aji, mutum ne yake shiga.

Wani zai ce ai akwai makarantu na musamman. Gaskiya ne, kuma sun yi aiki abin yabo. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take. A Badun wani kurma Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a 1960. A Kano akwai ta Tudun Maliki, mu kuma a Adamawa muna da tamu a Jada. To, amma daga Mubi zuwa Jada sai ka wuce Yola ka nausa kudu. Wace uwa ce za ta ɗauki ɗan shekara 4 wanda ba ya gani ta kai shi can ta juyo? Ko ta yarda, gadaje nawa ne a can? Shekarun da yaro yake ɗaukar harshe da saurin gaske su ne na farko, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka jira sai ya yi wayon zaman makarantar kwana an riga an ci rabin rabonsa. Saboda haka ƙofar farko ita ce rabin ajin unguwarsu, mai tsaron ƙofar kuwa shi ne malamin wannan aji.

Abin baƙin ciki, mun saba ɗaukar rabin aji wurin ajiye yara. Malamin da aka ga ya gaji, ko wanda ba shi da takarda, shi ake turawa can. A ganina wannan juya gida ne a kan rufinsa. Wanda ya fi kowa horo shi ya kamata a ba mafi ƙanƙantar yara.

Wane horo nake nufi? Abu biyar ne.

Na farko, ido mai lura. Malami ya san alamu: yaron da ke kai allo har bakin hancinsa, wanda ke karkata kai gefe guda in ana magana, wanda kunnensa ke zubar da ruwa, wanda ya wuce shekara 3 bai fara haɗa kalmomi ba, wanda ke yawan faɗuwa. Ya kuma san tarihin ƙasarsa: ƙyanda tana taɓa ido, sanƙarau yana kashe kunne, shan inna ta bar mana guragu da yawa kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na daji a Nijeriya a 2020. Malami ba likita ba ne. Aikinsa ya gane da wuri, ya tura asibiti.

Na biyu, sarrafa aji. Mai ƙarancin ji a zaunar da shi gaba inda zai ga bakin malami, malami kuma ya bar yin magana yana fuskantar allo. Mai ƙarancin gani a ba shi abin taɓawa: tsakuwa da marafan kwalba don ƙirga, baƙaƙe da aka gina da yumɓu ko aka fitar da kara. Gurgu a gyara masa dokin ƙofa da hanyar makewayi. Yawancin wannan dabara ce, kuɗinta kaɗan ne.

Na uku, maganar hannu. Kurame a ƙasar Hausa suna da tasu tun kaka da kakanni, makarantun kurame kuma suna da wadda suke koyarwa. In malami ya iya gaisuwa da ƙirga da sunayen abubuwa, ya koya wa ajin duka cikin wasa, kurma ya sami abokai. Yara ba su da ƙyamar da manya suke da ita sai an koya musu.

Na huɗu, sanin harsuna. Mubi ba gari mai harshe ɗaya ba ce. Yaro yana zuwa da Gude ko Fali ko Nzanyi ko Fulatanci ko Margi ko Higi, a tarye shi da Hausa ko Turanci. In ya yi shiru, malami marar horo sai ya ce daƙiƙi ne, alhali kuwa baƙo ne a harshen. Dole malami ya iya rarrabe yaron da bai ji ba da yaron da bai gane ba, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na biyar, haƙuri da mai firgita. Ba wanda ya manta ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da 'yan Boko Haram suka shiga garin nan, mutane suka watsu cikin duwatsu, waɗansu har Kamaru. Ba mu manta bama-baman 2017 da 2018 ba. Samari da 'yan matan da suka yi wannan gudu su ne iyayen ƙananan yaranmu na yau, tsoro kuwa yana da hanyar shiga gida ya zauna. Yaron da ke razana in an buga ƙofa, ko ya ƙi magana, bulala ƙara masa ciwo take yi.

A kan waɗannan duka akwai iya magana da iyaye. Har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye irin yaran nan don kunya, ko a ce taɓin iska ne. Malamar da aka haifa a unguwar, wadda za ta shiga cikin gida ta zauna a tabarma ta yi magana da harshen uwar, ita ce za ta fito da yaron. Abin da za ta tuna musu kuwa tsohuwar magana ce: hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar.

Ban ce abin mai sauƙi ba ne. Na san ajin da yara suka cika shi har ba wurin taka ƙafa, na san malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Na kuma yarda akwai yaran da lalle sai sun je wurin ƙwararru, kamar mai koyon rubutun makafi. Amma ko su, wa zai gano su ya nuna wa iyayensu hanya in ba malamin farko ba?

Wuraren horo ba su yi mana nisa ba. Kwalejin Ilmi ta Jiha tana Hong, a kan hanyarmu ta zuwa Yola. Kwalejin Ilmi ta Tarayya tana Yola. Jami'ar Jihar Adamawa a nan Mubi take tun 2002. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana horar da malami yana bakin aikinsa. Roƙona ga shugabannin waɗannan wurare shi ne kada ɗalibin malanta ya karɓi takardar N.C.E. bai taɓa zama da yaro kurma ko makaho a lokacin gwajin koyarwa ba. Abin da aka karanta don jarrabawa yakan tafi tare da jarrabawar, amma wanda hannu ya taɓa yana zama.

Yanzu na dawo gare ku, 'yan'uwa mazauna Kudu. Shanun da ke tashi daga kasuwar Mubi ku kuke tarye su a can, alherinku kuma yana dawowa gida: kun gina ajujuwa, kun haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Ina roƙonku abu uku. Ɗaya, kowace ƙungiyarku ta ɗauki nauyin yarinya ko yaro guda daga unguwarku, shekara 3 na N.C.E., a fannin renon ƙananan yara ko na masu buƙata ta musamman, bisa alkawarin zai komo ya koyar a gida. Ku na Badun, Oyo tana kusa da ku, in mun aiko ɗalibi ku zame masa iyaye. Biyu, in kun zo gida ku tambayi hedimasta da Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma: wa ke riƙe da rabin aji, wane horo ya samu, waɗanda suka gama kuma an ɗauke su aiki? Tambayar mai taimako tana da nauyi. Uku, ku duba gidajenku na can. In akwai yaro a Agege ko Idi-Araba da aka ajiye a ɗaki don ba ya ji ko ba ya tafiya, a kai shi makaranta.

Yaron nan da na daka, ban san inda yake ba yau. Mai yiwuwa wani daga cikinku ya taɓa miƙa masa sadaka a bakin wata gada. Abin da ya kamace shi daga gare ni ya fi sadaka, ban kuwa ba shi ba don ban sani ba. Malaman da za mu horar yanzu kada su sami wannan uzuri.

Allah ya shirya mana zuriya, ya mai da matafiyanmu masaukinsu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.