Kaza, Garka da Kwandon Kaba: Shirin Gida Kafin Hunturu

Masu sauraronmu na cikin garin Azare, da na Madara da Chinade, da na Itas da Gadau, da mutanen Gamawa da Sakwa har tsohon garin Katagum na Malam Zaki, barkanmu da warhaka. Ya aikin kaka? Allah ya sa a kai amfanin gona gida lafiya.

Shirinmu na yau ba zai je nesa ba. A tsakar gida za mu tsaya, can bayan ɗaki, wajen akurki. Iyayena mata, ku matso kusa da rediyo, don maganar ta fi shafarku. Maigida kuma kada ka ce babu ruwanka, akwai inda zan zo kanka.

Akwai maganar da kusan kowa ke yi a nan ƙasar Guddiri, wai kazar Hausa ita ke kiwon kanta. A buɗe mata da safe, ta fita ta yi tone-tonenta a bola da gindin rumbu, magariba ta dawo. Ni dai ban yarda da wannan magana ba, kuma ita ce ke ja mana asara kowace shekara. Wannan kazar da ake rainawa ita ke sayen maganin zazzaɓin yaro, ita ke biyan kuɗin littafin makaranta, ita ake kamawa in baƙon kunya ya sauka, ita ce romon mai jego. A gidaje da yawa ita ce kaɗai dukiyar da mace za ta sayar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Abin da ke ɗaukar wannan nauyi bai kamata a bar shi a hannun sa'a ba.

Mu fara da babban abokin gaba, wato fakat. Kowa ya san yadda take zuwa. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, hazo ya rufe gari, sai ka ga kaza ta tsaya gefe guda ta yi tsuru, ta saki fukafukai kamar wanda ya yafa babbar riga. Ta daina cin abinci, kashinta ya koma kore-kore mai ruwa, tana numfashi da baki buɗe. Wata wuyanta ya murɗe, tana ta juyi wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo, gidan da ke da kaji ashirin sai a ƙirga biyu ko uku, wani gidan ko ɗaya. Likitocin dabbobi suna kiranta cutar Niyukasil, sunan wani gari ne a Ingila inda aka gano ta a 1926, kuma ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos.

Ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne kuɗinmu ke zubewa. Bairos ba ya jin kafso. Wannan ja da yalo ɗin da ake ɓarewa a zuba a ruwan kaji, ba ya yi wa fakat komai. Haka barkono, haka sassaƙen maɗaci, haka kanwa. Na san akwai Goggon da ke saurarona yanzu tana cewa, to ai ni na ba tawa barkono ta tashi. Goggo, Allah ya ƙara girma, wadda ta tashin nan dama mai tashi ce. Ki tuna sauran da suka sha barkonon nan ɗaya suka mutu. In cutar ta riga ta shiga jiki babu magani. Abin da ake da shi rigakafi ne, kuma tun kaza na da lafiya ake yin sa.

Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana haɗa rigakafin wannan cuta iri-iri. Akwai wanda ake kira I-2, wanda masana a ƙasar Ostireliya suka samar musamman saboda kajin ƙauye, don ya fi sauran jure zafi. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ake sa wa a ido. Ki kama kazar, ki karkata kanta, a ɗiga, ki jira ta ƙifta ido ruwan ya shige, sannan ki sake ta. Babba da ɗan tsako duk ɗigo ɗaya ne. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fara kare ta, kuma ƙarfinsa na raguwa, shi ya sa ake maimaitawa duk bayan wata huɗu. Jure zafin da aka ce yana yi ba ya nufin a jefa shi a aljihu a zauna cikin rana a tasha. A naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, in an haɗa shi da ruwa kuma a yi ƙoƙari a gama da shi a ranar.

Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma ko da kin yi wa naki, in na maƙwabta ba a yi musu ba, cutar na nan tana yawo a lungu. To me zai hana matan da ke adashi tare su haɗa kuɗin kwalba? A sa rana, a hana kaji fita da safe, yaro ɗaya mai natsuwa ya bi gida-gida. Maigida, ga inda na ce zan zo kanka: kai ke da babur, kai ke shiga gari. Ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma aikinka ne.

Sai kuma wata ɗabi'a tamu da ba zan rufe baki a kanta ba. Da mutum ya ga kaza ɗaya ta mutu, biyu sun yi tsuru, sai ya ɗaure sauran a kai kasuwa da sassafe a karyar da su. Wani bawan Allah ya ga araha ya saya, ya kai gida ya saki cikin nasa. Haka cutar ke hawa mota daga wannan ƙauye zuwa wancan. Wannan ha'inci ne, ko da mai yin sa bai ɗauke shi haka ba. Kai kuma mai saye, duk kazar da ta shigo gidanka, ta kasuwa ce ko ta kyautar suna, ka keɓe ta mako biyu ita kaɗai kafin ta haɗu da sauran. Wadda ta mutu a haƙa rami mai zurfi a binne. Jefa ta a bola ko bayan katanga raba cutar ne ga unguwa, don kare da ungulu za su ja ta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Mu koma kan kwanci da 'yan tsaki.

Kaza na kwanci kwana 21. Ƙwan zabo kuwa yakan kai kwana 26 zuwa 28, shi ya sa tsofaffin da suka iya abin, in za su haɗa wa kaza ƙwanta da na zabo, sukan riga sa na zabon da mako guda, sai a ƙyanƙyashe kusan tare. Kada a cika mata ƙwai. Goma zuwa sha biyu ya ishi kazar Hausa, abin da ya fi haka ba ta iya rufe shi duka. A yi wa waɗanda aka sa alama da gawayi. Bayan kwana bakwai zuwa goma, a shiga ɗaki mai duhu a haska kowanne da tocila: mai rai za a ga jijiyoyi ja a ciki, wanda ya yi fayau kuma a cire shi. Ƙwan da ya rage daga farko a dafa wa yara. Wannan canfin na cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi da sata, ba shi da tushe ko kaɗan. Yaron da aka yaye yana bukatar ƙwan nan fiye da mai shayi.

An ƙyanƙyashe goma, bayan wata biyu saura uku. Ina bakwai? Shirwa ta ɗauki biyu, muzuru ya ci ɗaya, ɗaya ya faɗa bokitin wanki, sauran raɓa da sanyin asuba suka kashe su suna bin uwa a cikin ciyawa. Babu cuta a nan, rashin rufi ne kawai. Kuma maganinsa na hannun masu saƙa. Ƙasarmu ƙasar goruba ce, kaba ba ta yanke mana ba. Hannun da ke saƙa faifai da tabarma da mafici zai iya saƙa babban kwando mai faɗin gindi, mai tagogi ƙanana, wanda za a kife kan uwa da 'ya'yanta. In babu kaba, karan dawa da igiya ma sun yi. A riƙa matsar da shi kullum zuwa wuri mai tsabta, da safe inda hantsi ke sauka, da rana a inuwa, har tsawon mako huɗu zuwa shida. Ruwan sha a kasko marar zurfi, a jera tsakuwa a ciki don kada ɗan tsako ya nutse. Ina ma 'yan matan da ke koyon saƙa za su riƙa yin irin wannan kwando suna kaiwa kasuwa kusa da 'yan kaji. Ba na jin zai kwana.

Tunda an rufe su, dole a ciyar da su, kuma tsaki da dusa kaɗai ba sa gina jiki. Ga dabarar iyayenmu: a samu tsohuwar tukunya, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta kan hanyar gara da yamma, a rufa mata buhu. Da safe a ɗaga, a karkaɗe wa 'yan tsaki. Ga masu yin ƙwai kuma, a gasa ɓawon ƙwai ko ƙashi a daka a haɗa da dusa. A daka shi sosai, don kada kaza ta gane shi ta koyi fasa nata. A gefe guda a tara toka da yashi su riƙa birgima, yana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

Abin da aka share daga akurki kuwa kada a zubar. Ƙasar Azare yashi ce, ruwa na shiga ya wuce, kuma kashin kaji na cikin taki mafi ƙarfi da gida ke samarwa. Ƙarfin nasa ne ma matsalar: in aka zuba shi ɗanye yana ƙona saiwa. A tara shi a rami da busasshen ganye da ɗan ƙasa, a riƙa jiƙawa ana juyawa wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Da shi za ki tayar da 'yar garka ko da taku biyar ce: zogale a jikin katanga, alayyafo, yakuwa, rama, kuɓewa, tattasai. Wadda ke gidan haya ta cika buhunan siminti da ƙasa da taki ta shuka a ciki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya isa ban ruwa. Sai dai fa kaza da garka ba sa shiri. Yanzu da ake girbi kara ya wadata, a yi danga tun kafin a watsa iri. Ganyen zogalen da ya yi yawa a shanya a inuwa, rabi na miya, rabi a murje a dusar kaji.

Neman kaba da gara dalili ne mai kyau na fita da yara bayan gari, abin da ya fara yi mana wuya tunda waya ta shigo hannu. Ranar da babu makaranta, Malam, ka ɗauke su ku bi fadamar kogin Jama'are. Ka nuna musu bambancin zalɓe da balbela, su ji kukan kirinjijiya, su ga yadda marai ke saƙa sheƙa tana reto a reshe. Mai koyon saƙar kwando zai tsaya ya kalla. Ka gaya musu shamuwar da ta yi mana damina ta kama hanyar kudu, sai wata shekara. Ruwan nan da ya wuce ta Katagum shi ke shiga dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke sauka da rani bayan sun taso tun daga Turai sun ƙetare Sahara. Masu hali su kai yara duwatsun Shira su ga zanen da mutanen dā suka bari a jikin dutse.

Amma akwai sharaɗi. Duk tsuntsun da aka tarar a mace ko yana layi a bakin ruwa, kada yaro ya taɓa, balle a kawo shi gida. Tsuntsayen ruwa na iya ɗaukar murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, kuma ita tana iya kama mutum. Da ido ba a cika bambanta ta da fakat ba. In kaji suka fara zubewa da yawa cikin yini ɗaya ko biyu, zankonsu ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka, kada a fige, a sanar da likitan dabbobi nan take.

Lokaci ya cim mana. Roƙona ɗaya ne: hunturu na bakin ƙofa, kuma rigakafin na bukatar kusan mako biyu kafin ya kama. Uwargida, ki yi magana da maƙwabtanki yau da daddare, ku ƙirga kajin lungunku. Maigida, cikin makon nan ka je ka tambayo kwalbar. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.