Ƙamshin Garin Katako a Suwidin

A masana'antun Suwidin da ke dunƙula garin katako don ɗumama gidaje, ɗanyen garin yakan iso kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sai an busar da shi laimarsa ta koma wajen kashi 10 cikin 100. Gane laimar da sauƙi: a auna samfuri, a gasa shi a zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, a sake aunawa.

Tururin da ke tashi yayin busar da garin ne abin damuwa. Ƙamshin nan na itacen pain sinadaran tarfin ne ke fita, kuma in suka haɗu da hayaƙin motoci cikin rana sukan haifar da iskar ozon mai cutar da huhu.

Wajibi ne a riƙa auna abin da ke fita ta bututun waɗannan masana'antu.