Turancin 'Ya'yanmu: Tambayoyin da Iyaye Ke Yawan Yi Mana



Mu da aka ɗora wa nauyin duba takardun yaranmu masu neman tallafin karatu, an umurce mu da mu amsa wasu tambayoyi kan Turanci. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: yaron da ya rasa kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya cinye lissafi.

An fi tambayarmu, mene ne aibin "borrow me your pen"? Aibin daga gida ya taso. Bahaushe da kalmar aro yake bayarwa, da ita kuma yake karɓa, alhali Bature ya raba su: "lend" ta mai bayarwa ce, "borrow" ta mai karɓa. Haka nan kalmar ji. Muna jin magana, muna jin yunwa, muna jin wari, muna jin Larabci, amma kowanne da kalmarsa a Turanci: "hear", "feel", "smell", "understand". Shi ya sa idan yaro ya rubuta "I am hearing smell" ba ma kiransa daƙiƙi. Da Hausa ya yi tunani, sai dai ba a taɓa nuna masa inda harsunan biyu suka raba hanya ba.

Sai jam'i. Mu muna da shawara da shawarwari, amma "advice" ba ta ɗaukar "s", haka "information" da "furniture". Wannan kam har a wasiƙun manyanmu muna tsintarsa, Allah ya ba su haƙuri.

Wasu kuma na cewa ai Turancin Nijeriya ya samu karɓuwa. Gaskiya ne, a 2020 ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi irin su "okada", "next tomorrow" da "Kannywood". To amma ƙamus adana abin da mutane ke faɗa yake yi, ba shi ke ba da maki ba. A yi su a hira, a kiyaye su a takardar jarrabawa da ta neman aiki.

Roƙonmu gare ku mazauna birni, in za ku zo gida da Sallah, ku haɗo da tsofaffin jaridu da littattafan labarai da 'ya'yanku suka gama da su. Kwamitin ilimi zai raba su ga makarantun garinmu, a fara da na firamare.