Siram ɗin fuska na haɗin gida: yadda ake yi, da yadda ake gwadawa

Yau maganar siram za mu yi, wato ɗan ruwan nan ko man da ake ɗigawa a fuska kafin a shafa mai. Tambayoyi a kansa sun yi yawa, musamman daga amare, kuma yanzu daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan da wuya ki shiga gidan biki ba a miƙo miki 'yar kwalba an ce "haɗina ne, kwana uku za ki ga canji" ba.

To bari in fara da kwana ukun nan. Fatar mutum tana ɗaukar kusan kwana 28 kafin ta sabunta kanta. Zuma, man riɗi, kurkum, babu wanda zai haskaka ki cikin kwana uku. In kin ga haka, akwai abin da aka matsa a ciki, kuma yawanci man bututun nan ne na kemis mai sinadarin sitiroyid, wanda likita ke rubuta wa mai ciwon fata na ɗan lokaci. Makon farko fuska ta yi luwai-luwai, kowa na yabawa. Bayan 'yan watanni fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fito, rana ta riƙa ƙona ki, ranar da kika daina kuwa ƙuraje su feso. Shi kuma haidirokwinon, in aka daɗe a kansa, shi ke kawo baƙin nan na saman kunci mai wuyar fita. A 2023 sai da hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Saboda haka duk mai sayar miki da haɗi, ki tambaye ta me da me ta zuba. In ta ce sirri ne, ki riƙe kuɗinki.

Yanzu na gida. Iri biyu ne: na mai da na ruwa.

Na mai shi na fi so, don ba ya saurin lalacewa. Ki samu man riɗi mai kyau cokalin shayi huɗu, man habbatus sauda rabin cokali, ki fasa ƙwayar bitamin E guda ɗaya ki matse a ciki. Shi ke nan. Ɗigo biyu zuwa uku da dare, fuska na da ɗan danshi. Mai maiƙon fuska da ƙuraje ta nisanci man kwakwa, yana toshe ƙofofin gashi.

Na ruwa kuwa, gilisarin kashi ɗaya, ruwan wardi kashi tara. A hunturu, lokacin da fuska ke yin fari fat tana tsagewa, yana taimakawa sosai, amma ki bi shi da ɗan man kaɗanya a sama, in ba haka ba iska ta kwashe danshin.

A nan ne zan ɗan tsaya, don a nan ake yin ɓarna. Duk haɗin da ruwa ya shiga, ko alobera, ko ruwan shinkafa, ko kokwamba, abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Kamar kunun zaƙi ne. Za ki dama kunun zaƙi ki ajiye a kan madubi wata biyu kina kurɓa? To haka abin yake. Na kamfani yana daɗewa ne don an sa masa sinadarin hana lalacewa, naki babu. A firji bai kamata ya wuce mako ɗaya ba, kuma mu da muke cikin birni mun san halin wutarmu, ga zafin bazara da ke narkar da man kaɗanya a cikin roba. In babu firji mai sanyi, ki haɗa na kwana biyu kawai. Sannan ruwan 'yan garuwa ko na rijiya kada ya shiga haɗinki sai kin tafasa shi. Kwalbar ma ki tafasa ta, ki bari ta bushe ƙarƙaf, ki samu mai duhu, ki liƙa takarda da kwanan watan da kika haɗa. Haɗi na iya lalacewa tun bai fara wari ba, don haka hanci ba alƙali ba ne a nan.

Lemun tsami, kanwa, makilin: ku raba su da fuska, don Allah. Lemun tsami in ya haɗu da rana yana ƙona fata, ya bar tabon da ya fi wanda kike son cirewa duhu.

Sai gwaji. Ni ba na kai sabon haɗi fuska kai tsaye, ko da ni na haɗa da hannuna. Cikin hannu nake fara shafawa, kusa da gwiwar hannu, wuri kamar faɗin kwabo, safe da yamma, har kwana bakwai. Kwana ɗaya bai isa ba, don wani ƙaiƙayin sai a rana ta uku ko ta huɗu yake fitowa. In ya yi ja, ko zafi, ko ƙananan ƙuraje, ki wanke ki zubar da haɗin. Maganar "yana aiki ne shi ya sa yake zafi" ba gaskiya ba ce. In hannu ya karɓa, sai gefen muƙamuƙi kwana biyu ko uku, sannan fuska.

Kuma abu ɗaya za ki canza a lokaci guda. In kin sa sabon siram, sabon sabulu, ga dilka duk a mako ɗaya, wa za ki kama in fuska ta rikice? Ki ɗauki hoto a tsakar gida da safe, wuri ɗaya, ba tare da tace hoton ba, ki sake ɗauka bayan mako huɗu zuwa shida. Amarya kuma, ina roƙonki, kada ki gwada sabon abu saura mako biyu biki.

Wadda ta riga ta daɗe a kan haɗin kwana ukun nan, siram ɗin gida ba zai gyara mata ba. Ta je ta ga likitan fata, akwai su a asibitin koyarwa na Shika, kuma ta tafi da kwalbar a jaka don su gani.

A shiri na gaba za mu taɓa maganar dilka da halawa. Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.