Zaɓen Irin Gyaɗa Mai Jure Kuturta: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Kabo

 

Abin da ya tara mu yau magana ce a kan irin gyaɗa, watau wace iri ya kamata talakawanku na ƙasar Kabo da Gwarzo su shuka. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai zancen manomi ne da malamin gona, ina ruwan Hakimi da shi? Amsa ita ce, ran da gyaɗa ta lalace, ba gidan malamin gona jama'a za su nufa da kuka ba, ƙofar Dagaci da ta Hakimi za su cika. Saboda haka gara a yi shawarar tun da rani, kafin a buɗe rumbun iri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA FARU A 1975

Dattawan da ke cikinku sun ga dalar gyaɗa a Kano da idonsu. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara a kansa, har a shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje. Da kuɗinta talaka ya ke biyan haraji, ya yi sutura, ya aurar da 'ya'yansa.

Sa'an nan fari ya zo a 1972 da 1973, ya raunana manoma. Ba su gama farfaɗowa ba sai ga annobar kuturtar gyaɗa a daminar 1975. A wannan shekara ɗaya ta ɓata gonaki kimanin hekta 700,000 a Arewa, aka ƙiyasta hasarar da ta kai dalar Amurka miliyan 250. Mutane da yawa ko irin da suka zuba ba su mayar ba. Daga nan wasu suka bar gyaɗa suka koma ga wake da gero da dawa. Lalle akwai waɗansu dalilai da suka taru suka kawar da dala, kamar samun kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin hukuma daga noma, da kuma matsar da gyaɗa a cikin gida maimakon fitar da ita. Amma a gonar talaka, kuturta ce ta yi babban sara. Cutar kuwa ba ta ƙaura ba, tana nan. Shekarar da ta sami hali sai ta tashi.

MECE CE KUTURTAR GYAƊA?

Masana suna kiranta rozet. An fara ba da labarinta a rubuce a 1907 a ƙasar Tanganyika, wadda yanzu ta ke cikin Tanzaniya, kuma cuta ce ta ƙasashen Afirka. Alamarta ba ta ɓuya. Gindin gyaɗa sai ya tsugune ya ƙi girma, ganye ya ƙanƙance ya dunƙule wuri guda. Wani lokaci ganyen ya yi rawaya, wani lokaci ya yi kore shar fiye da ƙima, wannan na biyu kuwa shi aka fi gani a ƙasashenmu na yamma. In cutar ta kama shuka tana ƙarama, kafin ta yi fure, ba za a sami kome a gindinta ba. In ta kama ta bayan ta riga ta zuba 'ya'ya, hasarar kaɗan ce.

Abin da ke haddasa ta ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani. Ba ta tafiya da kanta, darɓa ke ɗaukarta, watau ƙananan ƙwarin nan baƙaƙe da ke taruwa a kan tohon gyaɗa da na wake suna tsotson ruwansa. In darɓa ta tsotsi shuka mai cuta, sai ta riƙe cutar kwana da kwanaki, duk shukar da ta sauka a kai ta zuba mata. Waɗansu daga cikinta suna da fukafukai, iska tana kai su nesa.

Ga abu biyu da ya kamata kowa ya riƙe. Na fari, kuturta ba ta bin ƙwayar iri. Ba wanda ya sayar wa mutum da iri ne ya sayar masa da cutar ba, saboda haka in aka kawo muku ƙara irin wannan, ku san inda gaskiya ta ke. Na biyu, shukar da ta riga ta kamu ba ta da magani. Feshi yana kashe darɓa, amma ba ya warkar da gindin da ya kuturce, ga shi da tsada. Shi ya sa mu ke cewa babban rigakafi yana cikin irin da aka zaɓa.

INDA AKA SAMO IRI MAI JURIYA

A 1952 annoba ta faɗa wa gonar gwaji ta Bambe a ƙasar Sanigal, inda aka tara gyaɗa iri-iri daga wurare da yawa. Kusan duka suka lalace, sai 'yan kaɗan suka tsaya lafiya. Da aka duba asalinsu, ashe daga gonakin manoma aka samo su, a kan iyakar ƙasashen da yanzu mu ke kira Burkina Faso da Kodebuwa. Daga waɗannan ne aka yi ta haɗa aure tsakanin iri da iri, har aka sami masu jure kuturta.

To, amma akwai cikas. Waɗannan na farko duk masu daɗewa ne a gona, domin an saba da su a ƙasar da damina ke da tsawo. Misalinsu shi ne wanda a ke kira SAMNUT 10, mai bukatar kwana 130 zuwa 150. A kudancin Zariya yana da kyau. A nan kuwa ruwa zai ɗauke ya bar shi bai ƙosa ba. Manomanmu kuma suna da mai saurin nuna a hannu, 'Yar Dakar, wadda ke yi cikin kwana 90 ta kuma jure ƙarancin ruwa, sai dai ba ta da ƙarfin tsaya wa kuturta. Ke nan an daɗe manomi yana tsakanin abu biyu: mai juriya ba ya nuna da wuri, mai nuna da wuri ba ya juriya.

Wannan ƙulli ne ma'aikatan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka yi shekaru suna kwancewa tare da cibiyar ICRISAT mai reshe a Kano. A farkon ƙarnin nan suka fitar da SAMNUT 21 da 22, masu kwana 115 zuwa 120, da SAMNUT 23 mai kwana 90 zuwa 100. A 2011 suka fitar da SAMNUT 24 mai kwana 80 zuwa 90, a 2013 kuma SAMNUT 25 da 26, su ma masu saurin nuna. Duk waɗannan an zaɓe su ne saboda jure kuturta.

TAMBAYOYI UKU KAFIN A SAYI IRI

Tambaya ta farko: yana jure kuturta? In mai sayarwa bai san sunan irin ba, bai san amsar ba ke nan.

Tambaya ta biyu: kwana nawa ya ke yi? Ku lissafa da kanku. A ƙasar nan ruwan shuka ya kan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba. Daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana ɗari ne da 'yan kai. Irin da ke son kwana 90 ya shiga cikin wannan lissafi har da saura. Mai son kwana 120 sai wanda ya yi shuka da ruwan fari, a gona mai riƙe danshi, ya kuma yi sa'ar damina mai tsawo. Mai son 140 ba namu ba ne, kome kyansa a wani wuri. Sai dai a gargaɗi mutane cewa galibin masu saurin nuna ba sa jira a ƙasa. In sun ƙosa aka yi jinkirin cira, ruwa kuma ya sauka, sai su tsira a cikin ɓawo.

Tambaya ta uku: me manomin ke nema? Mai kiwon raguna da shanun huɗa yana son harawa, SAMNUT 21 da 22 kuwa an san su da yawan harawa. Matan da ke matsar mai su yi ƙuliƙuli suna son ƙwaya mai mai. Wanda gonarsa jigawa ce mai saurin bushewa, ya nemi mafi saurin nuna.

Akwai abin da ban sa a cikin tambayoyin nan ba, shi ne launi. Na san a kasuwa wani ja ya ke so, wani fari, kuma ciniki yana bin abin da mai saye ya saba da shi. Ba laifi mutum ya nemi launin da kasuwarsa ke karɓa, amma sai bayan iri ya ci jarrabawar farko da ta biyu. Jan fata ko girman ƙwaya ba sa nuna juriya ko kaɗan. Ja biyu za su zauna a kwano ɗaya, ɗaya ya tsira daga annoba, ɗaya ya mutu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

IRI KAƊAI BA YA ISA

Juriya ba ta nufin a yi sakaci. Ga abu huɗu da za su taimaki iri mai kyau.

A yi shuka da wuri, da zarar ruwa ya zauna, domin gyaɗa ta yi ƙarfi kafin darɓa ta yawaita. Wanda ya bar gyaɗa sai ya gama da gero da dawa har Yuli ya yi nisa, shi cuta ta fi samu.

A yi shuka a matse. Darɓa ta fi sauka a gonar da ƙasa ke bayyana tsakanin shuka da shuka. Ga iri mai saurin nuna, a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 10 tsakanin rami da rami, watau kamar faɗin tafin hannu, ƙwaya ɗaya a rami. Rowar iri ita ce ke buɗe wa cuta ƙofa.

A tuge gindin da ya kamu tun yana ɗaya-ɗaya, a binne shi.

A kawar da gyauro. Gyaɗar da ta tsira da kanta da rani a fadama ko a bakin madatsar ruwa, nan darɓa da cuta ke samun mafaka har damina ta dawo. Masu noman gyaɗa na rani su ma su shuka mai juriya, su kuma share gona bayan cira.

AIKIN HAKIMAI

Ranku ya daɗe, abin da mu ke roƙo gare ku uku ne. Ku tara Dagatai da masu unguwanni tun kafin damina, ku karanta musu wannan takarda. Sa'an nan kowane Dagaci ya ware 'yar gona a bakin hanya, inda masu zuwa kasuwa za su gani, a Garo ne ko a Getso ko a Kutama, a shuka sabon iri a rabi, irin da aka saba a rabi, rana ɗaya, noma ɗaya. Manomi ba ya barin irin ubansa don jawabi, kuma yana da gaskiya. Gani ya kori ji. Na uku, ku hori mutane su nemi iri ta hannun malaman gona na KNARDA ko dillalan da aka sani, a buhu mai ɗauke da sunan iri da shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa. Gyaɗar ci da a ke aunawa a kwano gauraye ce, ba a san asalinta ba.

Akwai sauƙi guda a nan. Gyaɗa tana barbarar kanta, saboda haka wanda ya sami iri mai kyau yana iya ajiye nasa ya sake shukawa shekara biyu ko uku, muddin bai gauraya shi da wani ba. Ya busar da shi sosai, ya ajiye shi cikin ɓawonsa a wuri marar laima, kada ya ɓare sai shuka ta matso. Kafin shuka ya ƙirga ƙwaya 100 ya binne a jiƙaƙƙen rairayi. Bayan kwana goma in waɗanda suka tsiro ba su kai 70 ba, kada ya dogara da wannan iri.

AIKIN MALAMAI

Ku kuwa malamai, alƙalaminku shi ne idon hukuma. Kowane ƙauye a buɗe masa shafi a littafi. Ku rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka da ranar da ya ɗauke, da sunan irin da aka shuka a gonar gwaji, da ranar shuka da ranar cira, da buhunan da kowane rabi ya bayar, da damin harawa. Ku rubuta abin da aka auna, ba abin da zai faranta wa wani rai ba. In sabon iri ya kasa a wani ƙauye, wannan ma labari ne mai amfani, Samaru tana bukatar jinsa. In kuma Dagaci ya kawo labarin darɓa ta yi yawa ko an ga kuturta a gonaki, kada takarda ta kwana, a aika wa malamin gona a ranar.

Bayan shekara uku na irin wannan rubutu, Hakimi zai iya buɗe littafi ya gaya wa talakawansa irin da ya dace da ƙasarsu, ba da jita-jita ba, da shaidar gonarsu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare amfanin gona daga fari da ƙwari.